Tambayoyi da amsoshi kan farkon kakar NBA: wa ke da ƙarfi da gaske, wa kuma tebur ke ruɗa?

Duk shekara da an shiga watan Nuwamba sai hayaniya ta tashi tsakanin masu bin NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wannan ya ce kulob ɗinsa ya ci wasa takwas a jere saboda haka kofi ya zo gida, wancan ya ce nasa ya mutu murus a kori koci kawai a huta. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa, shi ya sa na tara su wuri guda na amsa.

Wai yaushe ake fara kakar, kuma wasa nawa ake bugawa?

Ana farawa a watan Oktoba, wajen sati na uku ko na huɗu, a gama wasannin tebur a tsakiyar Afrilu. Kulob 30 ne, 29 a Amurka, ɗaya a Kanada wato Toronto Raptors. An raba su gida biyu, Gabas 15 Yamma 15, kuma kowa zai buga wasa 82, rabi a gida rabi a waje. Na 1 zuwa na 6 a kowane ɓangare sun wuce zagayen fitar da gwani kai tsaye, na 7 zuwa na 10 kuma sai sun sake fafatawa a wasan cike gurbi don a samu biyun da za su cika takwas. Daga nan kowane zagaye wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ya wuce, har a kai fainal a watan Yuni.

Ga wanda ya saba da Firimiya mai wasa 38, ka riƙe wannan a ranka: wanda ya ƙare a saman tebur a NBA ba shi ne zakara ba, tebur wuri kawai yake ba ka da damar buga wasan ƙarshe a gidanka. Wasa goma na farko kuwa ko kashi ɗaya cikin takwas na kakar bai kai ba.

Amma ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ko ba haka ba?

Haka ne, kuma ba na cikin masu cewa farkon kaka shirme ne. Akwai kulob ɗin da tun satin farko kana gani ka san ya fi ƙarfin kowa. Houston Rockets a kakar 1993-94 sun ci wasa 15 na farko ba faɗuwa, har suka kai 22-1, wato cin wasa 22 faɗuwa 1, kuma a ƙarshe suka ɗauki kofi a hannun New York Knicks a wasa na bakwai. Jagoransu Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, a wannan shekarar shi ne gwarzon kaka, shi ne gwarzon tsaron baya, shi ne gwarzon fainal. Boston Celtics na 2007-08 da suka haɗa Kevin Garnett da Paul Pierce da Ray Allen sun fara da 29-3, suka gama da 66-16 suka doke Lakers a fainal, alhali shekarar da ta wuce wasa 24 kacal suka ci. Chicago Bulls na Michael Jordan a 1995-96 sun kai 41-3 kafin su ƙare da 72-10 da kofi a hannu.

To amma ga ɗaya gefen. Golden State Warriors a 2015-16 sun ci wasa 24 a jere tun daga ranar farko, ba wanda ya taɓa yin haka a tarihin gasar, sai a watan Disamba Milwaukee ta tsayar da su, suka gama da 73-9 wanda har yau shi ne mafi girma, sannan a fainal suna gaba da ci 3-1 LeBron James da Cleveland suka dawo suka cinye uku a jere suka tafi da kofin. Ita kanta Cleveland ɗin a 2024-25 ta fara da 15-0 kafin Boston ta kayar da ita, ta gama da 64-18 a saman Gabas, amma Indiana Pacers suka fitar da ita tun a zagaye na biyu da ci 4-1. Waɗannan biyun ba ƙarya suka yi mana ba, ƙarfi suna da shi sosai, kawai dai ƙarfin watan Nuwamba ba shi ke ɗaukar kofi a watan Yuni ba, tsakani akwai wata bakwai na gajiya da rauni da abokan hamayya da suka zauna suka karance ka.

Wanda ya fi ba ni misali mai kyau na ruɗin tebur shi ne Utah Jazz na 2022-23. Kafin a fara waccan kakar sun sayar da manyan taurarinsu biyu, Rudy Gobert da Donovan Mitchell, kowa ya ce za su zauna a ƙasa, sai ga su 10-3 a saman Yamma gaba ɗaya, ɗan wasansu Lauri Markkanen na ta zuba maki. Mutane suka fara cewa ashe an raina su. Ƙarshen kaka 37-45 suka tashi, ko wasan cike gurbi ba su samu shiga ba.

Kulob ɗina ya fara da faɗuwa, wallahi raina a ɓace yake. In cire rai kawai?

Kar ka yi saurin cirewa, musamman in 'yan wasan da kake taƙama da su suna nan lafiya ko kuma suna hanyar dawowa.

Miami Heat a 2010, shekarar da LeBron da Chris Bosh suka je suka samu Dwyane Wade, bayan wasa 17 suna 9-8, duniya ta yi ta musu dariya, daga ƙarshe suka ci wasa 58 suka je fainal duk da Dallas ta doke su a can. Boston a farkon Janairun 2022 suna 18-21, magoya bayansu har cewa suke a raba Jayson Tatum da Jaylen Brown don ba za su taɓa jituwa a fili ba, sai kocinsu Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma shi ma ya buga wa Najeriya, ya gyara musu tsaron baya suka zama na ɗaya a wannan fannin, suka gama da 51-31 suka je fainal. Lakers a 2022-23 sun fara da 2-10 amma sai da suka kai wasan ƙarshe na ɓangaren Yamma. Indiana a 2024-25 suna 10-15 a watan Disamba, ba wanda ke ko ambatonsu, su ne suka je har wasa na bakwai na fainal da Oklahoma City.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, waɗannan ana tuna su ne saboda ba kullum ake yin haka ba. Yawancin kulob ɗin da suka fara da 2-10 a ƙasa suke ƙarewa. Abin da ya haɗa misalan nan huɗu shi ne duk suna da 'yan wasa na gaske waɗanda ko dai ba su gama sabawa da juna ba, ko rauni ya hana su haɗuwa, ko kuma an yi musaya a tsakiyar kaka an gyara inda ke yoyo. In naka kulob ɗin ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilan, kowa lafiyarsa ƙalau kuma ana ta ba su kashi da tazarar maki 15, to gaskiya ka rage buri.

To in ba yawan wasan da aka ci ba, me zan duba?

Nan ne inda nake so a ɗan tsaya, don shi ne ginshiƙin maganar duka.

Abu na farko tazarar maki. Ka tara makin da kulob ya ci, ka cire wanda aka ci shi, ka raba da yawan wasanni. Kulob biyu za su iya zama 8-4 su duka, amma ɗaya yana cin mutane da tazarar 12 yana faɗuwa da tazarar 2, ɗayan kuma yana tsira da maki ɗaya ko biyu a daƙiƙar ƙarshe, in ya faɗi kuma a yi masa kaca-kaca. A tebur daidai suke, a zahiri kuwa sam ba sa'o'in juna ba ne, kuma in ka jira wata biyu za ka ga na farkon ya ci gaba na biyun ya dawo inda ya dace da shi. Oklahoma City a 2024-25 sun gama da tazarar kusan maki 13 a kowane wasa, mafi girma da aka taɓa gani a gasar, suka ci wasa 68, suka ɗauki kofi. Tun watan Nuwamba wannan lambar take faɗa wa duk mai dubawa cewa yaran nan ba wasa suke ba.

Masu lissafi sun fi son a auna abin da kai hari 100 maimakon wasa guda, saboda wani kulob ɗin gudu yake yi ya jefa cikin daƙiƙa takwas, wani kuma sai ya kusa cinye daƙiƙa 24 ɗin da doka ta ba shi kafin ya jefa. Mai gudu zai ci maki da yawa a kuma ci shi da yawa, sai ka ɗauka gaba gare shi babu baya, alhali yawan harin ne kawai ya kumbura lambar. In aka daidaita kowa a kan hari 100 sai gaskiya ta fito. Shafin NBA ɗin kansa yana da wannan lissafin kyauta, ba sai ka biya ko kwabo ba.

Na biyu jifan maki uku, wato jifan nesa daga bayan layin da ya zagaye kwando, kuma wannan shi ne babban maƙaryaci a farkon kaka. Yanzu kusan kowane kulob yana gwada fiye da 30 a wasa, Boston ma a 2024-25 kusan 48 suke jefawa. Matsakaicin shiga a gasar yana yawo ne wajen kashi 35 zuwa 36 cikin ɗari. Yanzu ka ɗauka kulob ya jefa 40, a ranar da komai ke daidai kamar 14 za su shiga, ranar da hannu ya yi zafi 18 su shiga, bambancin huɗun nan maki 12 ne cur, wanda ya isa ya juya wasa. Sati biyu ko uku na zafin hannu ya isa ya ɗaga kulob matsakaici zuwa saman tebur. Haka kuma ka duba yadda abokan karawarsu ke jefawa, in ka ga kowa da ya haɗu da su sai ya yi ta ɓarar da jifan da ba kowa a gabansa, wannan ba ƙwarewar tsaro ba ce, sa'a ce, kuma tana ƙarewa.

Na uku wasannin da ake kai ruwa rana, wanda aka shiga minti biyar na ƙarshe tazarar ba ta wuce maki biyar ba. Kulob ya ci shida cikin shida na irin wannan a Nuwamba sai a fara cewa suna da zuciya. Wataƙila suna da ita, amma ƙwallo ɗaya da ta zagaya bakin kwando ta fito ko busa ɗaya na alƙalin wasa ke raba irin waɗannan wasannin, da wuya wani ya dawwama yana cinye su duka.

Abin da ni na fi yarda da shi da wuri shi ne abubuwan da ba sa dogara da sa'ar hannu: shin suna kwashe ƙwallon da ta dawo daga kwando, shin suna yawan zubar da ƙwallo a hannun abokan gaba, shin suna hana mutane shiga ƙarƙashin kwandonsu, shin suna komawa baya da gudu in an ƙwace. Waɗannan ɗabi'a ce da koci ya dasa, kuma ɗabi'a ba ta cika canzawa daga sati zuwa sati ba.

Jadawalin wasanni yana da tasiri har haka?

Sosai ma. A ƙarshen kaka kowa ya buga kusan 41 a gida 41 a waje, amma a wata na farko wani ya buga goma a gida huɗu a waje, wani kuma akasin haka. Amurka ƙasa ce mai faɗi, daga Boston zuwa Los Angeles tafiyar kusan awa shida ce a jirgi da bambancin agogo na awa uku, ga kuma wasan yau da gobe a jere, ka gama wasa ƙarfe goma na dare ka hau jirgi ka sauka wani gari tsakar dare gobe da yamma ka sake shiga fili. In ka je Denver kuma ga tudu, garin yana sama da teku da kimanin mita 1,600, baƙi numfashi ke musu wuya. Don haka kafin ka yaba ko ka kushe, duba su wa aka buga da su, a ina, kuma kwana nawa suka huta.

Wasa nawa ya kamata in jira kafin in yanke hukunci?

Ni a wajena 20 zuwa 25, wanda yake kamawa farkon Disamba zuwa wajen Kirsimeti. Ranar 25 ga Disamba NBA kan sa manyan wasanni tun safe har dare, kuma tsofaffin masu kallo da yawa daga nan suke ɗaukar kakar da muhimmanci. A lokacin zafin hannu ya ɗan huce, jadawali ya fara daidaita, koci ya gano mutum takwas ko tara da zai riƙa dogara da su.

Ga maganar kofi kuwa akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Phil Jackson, kocin da ya ɗauki kofi 11 da Bulls da Lakers, cewa kulob ɗin da zai iya ɗaukar kofi sai ya ci wasa 40 kafin a ci shi 20. Yawancin zakarun shekarun nan sun cika wannan sharaɗin, kaɗan ne suka karya shi, irin su Houston a 1995 da suka shiga a matsayi na shida suka ɗauke kofin, da Detroit a 2004, da Miami a 2006, da Milwaukee a 2021. Amfanin ƙa'idar a farkon kaka shi ne, in kulob ɗinka ya riga ya faɗi wasa 12 kafin Disamba ta raba, ka san hanyar ta yi ƙunci.

Me ya sa taurari ke zama a benci tun Nuwamba alhali ba su ji ciwo ba?

Wasa 82 cikin wata shida ba ƙaramin abu ba ne a gwiwa da idon sawu, shi ya sa kulob-kulob suka koyi hutar da manyansu musamman a wasan yau da gobe. Abin ya yi yawa har masu sayen tikiti da gidajen talabijin suka fara ƙorafi, kuma suna da gaskiya, mutum ya tara kuɗinsa ya kai yaransa kallon tauraro ya tarar da shi a zaune da kayan gida. Daga kakar 2023-24 aka sa doka cewa sai ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65 kafin ya shiga takarar gwarzon kaka da manyan kyaututtuka. Joel Embiid na Philadelphia, ɗan asalin Yawunde, na cikin waɗanda dokar ta fara shafa, yana cin kusan maki 35 a wasa, har ya zuba 70 a kan San Antonio a Janairun 2024, sai gwiwa ta tsayar da shi ya ƙare da wasa 39.

Rauni na gaske kuwa shi ne abin da ke rusa duk wani hasashe. Golden State sun je fainal sau biyar a jere daga 2015 zuwa 2019, a kakar da ta biyo baya Kevin Durant ya tafi, Klay Thompson na jinya, Stephen Curry ya karye a hannu a wasa na huɗu, suka ƙare da 15-50 a can ƙasa. Shekara biyu bayan nan da mutanensu suka dawo suka sake ɗaukar kofi a 2022. Philadelphia a 2024-25 an yi ta zuzuta su saboda sun ɗauko Paul George, Embiid wasa 19 kawai ya buga, suka tashi da 24-58.

A kori koci in an fara da faɗuwa, yana gyara abu?

Wani lokaci, amma ba kamar yadda magoya baya ke zato ba. Lakers sun kori Mike Brown a Nuwamban 2012 bayan wasa biyar kacal suna 1-4, shi ne fa wanda daga baya ya horar da D'Tigers na Najeriya har suka doke Amurka 90-87 a wasan sada zumunci a 2021. Bayan korar tasa Lakers da ƙyar suka shiga fitar da gwani, San Antonio ta share su 4-0. Milwaukee sun kori Adrian Griffin a Janairun 2024 suna 30-13, suka kawo Doc Rivers, aka fitar da su a zagayen farko. Wanda ya yi nasara shi ne na Cleveland, sun sallami David Blatt a Janairun 2016 suna 30-11, Tyronn Lue ya karɓa ya kai su ga kofi.

Ni dai na fi ganin darajar abin da Miami suka yi a 2010. Lokacin 9-8 ɗin nan kowa cewa yake kocinsu Erik Spoelstra yaro ne ba zai iya da manyan taurari ba, shugaban kulob ɗin Pat Riley ya ƙi taɓa shi, sai ga Spoelstra ya ɗauko musu kofi a 2012 da 2013. Korar mutum bayan wasa biyar zalunci ne, in ba a yarda da shi ba me ya sa aka bar shi ya yi atisayen share fage gaba ɗaya.

Menene wannan kofin da ake bugawa a Nuwamba da fili mai launi-launi?

Kofin tsakiyar kaka ne da aka ƙirƙiro a 2023 don a sa wa wasannin farko armashi, yanzu ana kiransa Emirates NBA Cup. Rukuni shida ne, kowanne kulob biyar, takwas su fito a yi kifa ɗaya ƙwala. Duk wasanninsa ana lissafa su cikin 82 ɗin in ban da fainal. Lakers suka ci na farko a kan Indiana, kowane ɗan wasa ya samu dala 500,000, wanda ga LeBron ba komai ba ne amma ga yaron da ke ƙarshen benci kuɗi ne na gaske. Milwaukee suka ci na 2024 a kan Oklahoma City, kuma abin sha'awa sun fara waccan kakar ne da 2-8.

Shin yana nuna wanda zai ɗauki babban kofi? Lakers da Milwaukee duk a zagayen farko aka fitar da su a shekarun da suka ci shi, Oklahoma da ta faɗi a fainal ɗinsa ita ta zama zakara a watan Yuni.

Na biyar a Yamma da na biyar a Gabas ɗaya suke?

Ba lallai ba. Shekaru da yawa Yamma ta fi cunkoson masu ƙarfi. A 2013-14 Phoenix ta ci wasa 48 ba ta samu shiga fitar da gwani ba, Atlanta a Gabas ta shiga da 38. Kuma tunda kowa ya fi yawan buga wasa da 'yan ɓangarensa, 10-8 a ɓangare mai zafi kan fi 12-6 a ɓangare mai sanyi.

Wanda ya ƙare a ƙasa ana jefa shi rukuni na biyu?

A'a, babu faɗawa ƙaramin rukuni a NBA, hasali ma na ƙasa lada ake ba shi. Kulob 14 da ba su shiga fitar da gwani ba ana musu ƙuri'a don zaɓen sabbin matasa, kuma wanda ya fi faɗuwa shi ya fi samun dama. Wannan ya sa wasu tun Disamba in sun ga ba haza sai su fara sayar da tsofaffin 'yan wasa su zuba yara a fili, ba a fito an ce faɗuwa muke so ba amma kowa ya gane. A 2019 aka rage kwaɗayin, aka ba uku na ƙarshe kowanne kashi 14 cikin ɗari kawai na samun zaɓin farko. Detroit a 2023-24 sun fara da 2-1, sannan suka faɗi wasa 28 a jere, suka gama da 14-68, da aka yi ƙuri'a na biyar suka samu. Dallas kuma a 2025 da damar da ba ta kai kashi 2 ba suka samu na ɗaya suka ɗauki Cooper Flagg. Ban taɓa son wannan ɗabi'ar ta faɗuwa da gangan ba, tana koya wa yara sabo da shan kashi, kuma Detroit ɗin ma da suka canza koci suka kawo manya masu hankali kusa da matashin tauraronsu Cade Cunningham ne suka tashi zuwa 44-38 a shekara ɗaya.

Kulob zai iya canza 'yan wasa a tsakiyar kaka?

Eh, har zuwa farkon Fabrairu da ake rufe kasuwa. Yawancin waɗanda suka sa hannu a bazara ba a iya musayarsu sai daga 15 ga Disamba, shi ya sa Oktoba da Nuwamba kasuwar shiru take. Wannan ma wani dalili ne na kada a yi saurin hukunci, don kulob ɗin da kake kallo yau ba lallai shi ne zai shiga Afrilu ba. Houston sun ɗauko Clyde Drexler a Fabrairun 1995, Detroit sun ɗauko Rasheed Wallace a Fabrairun 2004, Toronto sun ɗauko Marc Gasol a Fabrairun 2019, duka ukun kofi suka ɗauka a shekarar. Wanda ya ƙulla cinikin Toronto ɗin Masai Ujiri ne, shugaban kulob ɗin a lokacin, wanda a Zariya ya tashi kuma a can ya fara taɓa ƙwallon kwando. Indiana ma da suka karɓo Pascal Siakam ɗan Duwala a Janairun 2024 daga nan tafiyarsu ta canza. Sai kuma wanda ya girgiza kowa, Luka Doncic zuwa Lakers a Fabrairun 2025, ba wanda ya yi mafarkinsa a Nuwamba.

Zakaran bara fa, shi ne abin tsoro a bana?

Da can haka ne, amma daga 2019 zuwa 2025 kulob bakwai daban-daban ne suka ɗauki kofi, Toronto, Lakers, Milwaukee, Golden State, Denver, Boston, Oklahoma City, ba wanda ya maimaita. Dokokin albashi na yanzu suna matse duk kulob ɗin da ya tara masu tsada, sai ka ga zakara ya rasa mutum biyu uku na benci a bazara. Ga gajiya, su sun buga har Yuni wasu tun Afrilu suke hutu. In ka ga zakara yana tafiya a hankali a Nuwamba kar ka ce ya ƙare, in kuma ka ga yana ragargazar kowa ka lura da mintocin da manyansa ke bugawa.

Daga Najeriya ko Nijar ƙarfe nawa ake kallo?

Nan ne wahalar take. Wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka, a wajenmu 12 na dare ne a Oktoba, da sun canza agogonsu a farkon Nuwamba kuma ya koma 1 na dare. Wasannin Lakers da Golden State a gida sukan fara wajen 4 na asuba, kana cikin kallo za a kira sallah. Wasa kwata huɗu ne kowanne minti 12, amma da hutu da tsaye-tsaye sai ya ci awa biyu da wani abu. Asabar da Lahadi akan samu waɗanda ake bugawa da rana a can, su ne ke faɗowa wajen 8 ko 9 na dare a nan, sai kuma ranar Kirsimeti da wasan farko kan fara da magariba agogonmu.

In data ba ta isa ba ko aiki ya hana ka raya dare, taƙaitaccen wasan da ake sawa a YouTube da safe ya wadatar, amma ka sani jifan da ya shiga kawai suke nuna maka, ba sa nuna inda aka yi sakaci a baya. Ka haɗa da takardar lissafin wasan, ka duba mintocin kowa, jifan uku nawa aka gwada nawa suka shiga, ƙwallo nawa aka zubar, da kuma wa bai buga ba a ɓangarorin biyu. In da hali ka zaɓi wasa ɗaya a sati na kulob ɗinka ka kalle shi daga farko har ƙarshe, ya fi kyau ya zama na waje kuma da babban abokin hamayya.